Karyar da Ke Lasar Buhun Gishiri

Ku gyara zama in ba ku wata ku tauna. Babu Gizo a cikinta, babu aljani. Mutane ne irinku, da karya guda ɗaya. Wanda ya ji an ce kare ya yamutsa fuska, ya yamutsa abinsa, amma ya saurara har ƙarshe, don akwai tambaya, kuma ba ni zan amsa muku ita ba.

A Kwarin Maje an yi wani tsohon maharbi, Baba Shekarau. Ya yi zamaninsa a dawa, daga baya idonsa ya riƙa dushewa har ya mutu gaba ɗaya, asibiti suka ce ba gyara. Matarsa ta riga shi tafiya. 'Ya'yansa uku duk sun girma, kowa da gidansa a cikin gari: Delu babbarsu, wadda mijinta ya rasu, tana sayar da gishiri da kayan miya a gidan da ta gina da guminta; Nomau, direban motar haya; da Cindo autansu, wanzami, wanda ya koyi aska a wurin kawunsa.

Tsohon yana da taurin kai irin na maharba. Ranar da aka kawo masa sanda aka ce jika zai riƙa jansa, ya jefar da ita bayan danga. Ya ce, "Ni da na bi sawun ɓauna, ba za a ja ni kamar akuyar kasuwa ba." Abin da ya yarda da shi ɗaya ne, karyarsa Kwalli, wadda aka sa wa sunan saboda baƙin da ya zagaye idanunta. Ya ɗaura mata igiya a wuya, ya riƙe ɗaya bakin. Da hantsi ta kai shi garkarsa ta albasa a bakin rafi. Lokacin salla ta kai shi ƙofar masallaci, ta koma can nesa gindin darbejiya ta kwanta har a sallame. In akwai rami a hanya ta tsaya cak, in keke ya taho ta tura shi gefe da kafaɗa. Muddin Kwalli na kan ƙafarta, Baba Shekarau mutum ne mai zuwa inda ya ga dama. Ranar da ta kwanta, shi ma ya kwanta ke nan.

To, tana shekara huɗu sai ta fara wani ciwo mai wasan ɓuya. Yau ta ƙi abinci, ta yi amai, ƙafafunta na baya su riƙa rawa. Bayan kwana uku ta miƙe garau kamar ba ita ba. A yi sati biyu, abin ya dawo. Aka ba ta maganin tsutsa har sau uku. Aka jiƙa mata sassaƙe. Wani ya ce guba ta ci a bola, wani ya ce baki ne. Tana ta ramewa dai, haƙarƙarinta na fitowa.

Ta farko a cikin 'ya'yan, Delu. Kullum in Kwalli ta biyo da tsohon ta ƙofar gidanta don ya sha fura, sai karyar ta zarce wurin buhun gishiri ta riƙa lasarsa kamar saniya ta sami kanwa. Da wata matar ce, da ta kore ta da muciya, shi ke nan. Delu ta kore ta, amma ta riƙe abin a ranta, don ba ta taɓa ganin kare mai kwaɗayin gishiri ba. Ta sami wani zare, duk ranar da aka ce Kwalli ta kwanta sai ta ƙulla ƙulli ɗaya, ta tambayi kanta me ya faru jiya. Ƙulli na farko, jiya an yi bikin 'yar Sarkin Pawa, an kwana biyu ana kiɗa. Na biyu, jiya an yi tsawa mai tsanani. Na uku, an kai tsohon asibitin ido an bar karyar ɗaure ita kaɗai. Har ƙulli bakwai, kuma babu ɗaya da ba hayaniya ko firgita a gabansa. Delu ba ta shiga aji ko na kwana ɗaya ba, amma mai auna gishiri da gwangwani shekara ashirin ta san abin da ke maimaita kansa.

Su kuwa maharba, abokan tsohon, su ma sun lura da rabin abin. Sun ga in an buga gangar farauta Kwalli takan lafe. Sarkin Baka Gagarau ya zo da kansa ya yanke hukunci: zuciyarta ce ta mutu. Maganin wannan a wurinsu sananne ne tun kakanni. Akan ɗaure karen a turke, a zagaye shi da ganga, a harba bindiga a saman kansa, wai tsoron ya fita da tsoro. Sun yi wa karnuka da yawa, wasu kuma sun tashi. Suka zaɓi ranar kasuwa da safe, lokacin da Delu ke can bakin tirenta. Tsohon bai so ba, amma ya ji kunyar abokansa.

Aka buga ganga, aka harba bindigar adaka. Kwalli ta zube. Ba ta ko yi kuka ba. Dadashinta ya yi fari, jikinta ya yi sanyi, numfashi sama-sama.

Gagarau ya girgiza kai ya ce wannan ta gama, kuma ba a barin irinta ta mutu a gidan maharbi. Masu sayen karnuka suna kasuwa da motarsu, a kira su, shi zai ba tsohon ɗan kwikwiyo. Baba Shekarau ya ce, "Kwikwiyo? Kafin ya san hanyar garka, ni na san hanyar kushewa." Amma muryarsa ta yi ƙasa, ba wanda ya kula.

Labari ya iske Delu. Ta bar tire ba ta ko rufe ba. Ta iso daidai da masu sayen karnukan, da ƙarfensu mai zarge a hannu. Ta tsaya a bakin zaure, hannu ɗaya a wannan bango, ɗaya a wancan.

Gagarau ya ce, "Ke Delu, kauce. Wannan ba maganar mata ba ce."

Ta ce, "Baba Gagarau, da girmanka. Maganar maza ce ta kwantar da ita. Ku kun harba taku, saura tawa."

"Gawa kike gadi, 'yar nan."

"To ku bar ni da gawata. Duk wanda zai shiga, sai ya bi ta kaina, kuma kun san ba ni da nauyin baki. Har jikokinku sai sun ji labari."

Sun san ta. Suka watse suna gunaguni. Da ba ta tsaya a wannan ƙofa ba, da azahar ta yi wa Kwalli a cikin kejin mota.

Na biyu, Nomau. Delu ta aika masa, saƙon ya same shi a tasha ya cika mota taf da 'yan kasuwa, har ya tada inji. Ya kashe, ya ba fasinja haƙuri, ya sauke musu kaya da hannunsa, suna zaginsa yana ba su haƙuri. Ya zo ya tarar da karyar, ya tuɓe babbar rigarsa ya naɗe ta, ya rungume ta kamar jaririya a gaban jama'a, amanta na zuba a ƙirjinsa. Ya shimfiɗa ta a kujerar baya, Delu ta zauna kusa da ita. Asibitin dabbobi na kusa ba su da abin gwada jini, suka ce sai babban na birni, tafiyar awa uku in hanya ta yi kyau. Hanya ba ta yi kyau ba. Ruwa ya cinye gefen gadar Rafin Ɗinya, motoci sun yi layi suna jiran a cike. Nomau ya shekara goma sha biyar a kan wannan hanya, ya san wani burtali na Fulani da ke ɓullewa ta mashigi mai tsakuwa. Ya karya kan mota ya shiga. Ƙaya ta kekketa fenti, salansar motar ta faɗi a tsakiyar rafi, bai tsaya ɗauka ba. Suka isa da la'asar sakaliya.

Likitar wata 'yar siririya ce mai tabarau. Ta taɓa ƙirjin Kwalli, ba ta tsaya gaisuwa ba, ta sa mata ƙarin ruwa. Daga baya ta ce wa Nomau, "Da kun ƙara awa ɗaya, da ba ni kuke nema ba, mai haƙa rami kuke nema." Sannan ta tambayi yadda ciwon ya faro. Nomau ya ce amai ne da rama. Likita ta ce wannan ai rabin cututtukan duniya haka suke farawa. Sai Delu ta kwance bakin zaninta ta fito da zaren nan, ta bi ƙulli bakwai ɗaya bayan ɗaya, ta ƙara da zancen buhun gishiri. Likita ta cire tabarau ta dube ta.

"Hajiya, wa ya koya miki wannan?"

"Ban je Makka ba tukuna. Karyar ce ta koya mini."

Aka ɗebi jini aka gwada, aka sake wani gwajin washegari. Likita ta zaunar da su ta ce sunan cutar Adisan. A kan kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka da ba ta fi ƙwayar wake ba. Aikinsu su fitar da abin da ke riƙe gishiri a jini, da abin da ke ba jiki ƙarfin jure firgita. Na Kwalli sun daina aiki. Shi ya sa take neman gishiri, shi ya sa kowace hayaniya ke kayar da ita. Ba ragwanta ba ce, ba baki ba ne. Ta ce, "Ba ta warkewa. Amma in ana ba ta ƙwaya kowace safiya, da allura duk bayan kwana ashirin da biyar, a kuma ƙara mata ƙwayar kafin duk wani abin tashin hankali, za ta yi tsufa irin na kowane kare. In aka yi sakaci, za ta sake faɗuwa, kuma ba kullum ake dacewa ba. Kada kuma ku ce za ku ɗura mata gishiri ku huta, ba zai tsayar da komai ba."

Bayan kwana huɗu Nomau ya dawo da ita tana zaune a kujerar gaba, kanta a waje. Tun daga ranar 'yan tasha suka sa wa motarsa Motar Kwalli, wasu dattawa suka daina shiga, wai sai an wanke kujerun sau bakwai. Bai wanke ba. Ya sa aka rubuta sunan a bayan motar da jan fenti. Kuma shi ke kawo maganin daga birni duk wata, bai taɓa bari ya yanke ba.

Na uku, Cindo. Shi wannan tun yana shekara shida kare ya yage masa sha-raɓa, tabon na nan. Ko haushi ya ji daga nesa sai ya canza hanya. Amma da aka zo maganar allura, Delu hannunta na rawa, Nomau kullum yana kan hanya, tsohon ba ido. Wanda ke da tsayayyen hannu a gidan shi ne mai cire belu da yi wa jariran kwana bakwai aski. Nomau ya kai shi wurin likita ta nuna masa yadda ake tsinke fatar wuya a soka. Ranar farko gumi ya jiƙe masa riga, ya yi bisimilla ta fi goma kafin ya matsa. Kwalli ta juyo ta lashi hannunsa, saura kaɗan ya suma. Tsohon ya yi dariyar da ya daɗe bai yi ba, ya ce, "Auta, ita ce marar lafiya ko kai?"

Ƙwayar kuwa, Kwalli ta gane ta. In an sa a tuwo ta cinye tuwon ta tofar da ita. In an sa a nama ta yi haka nan. Cindo ya gwada abu ya kai goma kafin ya gano ƙuli-ƙuli jiƙaƙƙe, a dunƙula da ƙwayar a ciki, a fara ba ta ɗaya marar komai, a bi da mai maganin da sauri, a nuna mata na uku. Kowace safiya bayan ya fito masallaci, kafin ya buɗe zabirarsa, sai ya bi ta gidan tsohon. Da damina, da sanyi, da ranar Salla, da ranar da matarsa ta haihu.

Amma babban aikinsa ba wannan ba ne. Likita ta ce a ƙara ƙwaya kafin hayaniya, ba bayanta ba. Wa ya san hayaniya kafin ta zo? Wanzami. Ba a suna a garin sai an gaya masa tun ranar haihuwa. Ba a kaciya sai da shi. Ango ba ya shiga lalle sai ya zauna a gabansa, maharba ba sa fita sai sun zo an yi musu ƙaho. A kan tabarmar askinsa yake jin gidan da za a kira makaɗa da gidan da za a harba bindiga. Sai ya ƙara ƙwayar tun jajibiri, ranar kuma ya lallaɓa tsohon da karyarsa su wuni a garka, nesa da gari. Ya koyi duban gabas kamar manomi, in hadari ya haɗu da alamar tsawa, ya bar kan mutum rabi a aske ya ruga. Akwai wani mai shayi da ya wuni da rabin gashi, har yau bai yafe masa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, in ji Cindo. Shekara uku cur, Kwalli ba ta sake faɗuwa ba. Ta yi ƙiba, gashinta ya yi sheƙi, tsohon ya ci gaba da zuwa garka da ƙafarsa, igiya a hannu.

Kada ku ɗauka waliyyai nake ba ku labari. Delu ta yi wata biyar tana ƙulla zarenta ba ta gaya wa kowa ba, wai sai ta tabbata, don ba ta son a ce ta faɗi abu ya zama ba haka ba. Da ta yi magana a ƙulli na huɗu, wataƙila da ba a kai ga bindiga ba. Nomau, sau biyu tsohon ya roƙe shi tun farko ya kai karyar asibiti, ya ce, "Baba, kare ne fa." Cindo kuwa, ranar da aka yi harbin, shi ne Gagarau ya aika kasuwa ya kira masu sayen karnuka, kuma ya je, da saurinsa ma.

A damina ta huɗu, wata ranar Laraba da rana tsohon na garka, zaizayar da ta daɗe tana cin bayan gidansa ta janye ɗakinsa da rabin zaure zuwa cikin kwari. Ba wanda ya ji ciwo, amma wurin ba ya sake ginuwa. Maƙwabci ya ba shi zaurensa ya fake.

'Ya'yan suka taru. Yadda aka saba a garin, in tsoho ya rasa muhalli, 'ya'ya kan karɓe shi bi da bi, wata a nan, wata a can, kowa ya sami rabonsa na albarka. Har sun shirya haka, Cindo ya ce a bari ya tambayi likitar Kwalli. Ta ce a'a. Sauya gida ma firgita ce a wurin mai wannan ciwo. Sau ɗaya, da shiri da ƙarin magani, za ta ɗauka. Duk wata kuwa, wasa da ranta ne. Tsohon ya ƙara da nasa, ya ce daga ƙofa ɗaya za ta iya koyon sabuwar hanyar garka da ta masallaci, ba daga ƙofa uku ba. Aka ce to ya bar ta wuri ɗaya shi ya riƙa zagayawa. Ya ce, "Ku cire idon mutum ku ajiye a wani gida, ku ce ya zagaya?"

Gida ɗaya ke nan, har ƙarshen kwanansa. Kuma kun san abin da ake nufi da uba ya ƙare kwanansa a ɗakinka, hannunka ne na ƙarshe da ya ba shi ruwa. Ba wanda ke barin wannan da son ransa.

Tsohon ya shafa kan Kwalli ya ce, "Ni ba zan zaɓa tsakanin 'ya'yana ba. Gidan wanda ya ceci wannan zan shiga. Ku gaya mini ko wane ne."

Delu ta ce, "Da ban tsaya a ƙofa ba, me za ka ɗauka a motarka? Da ban ƙulla zare ba, da har yanzu maganin tsutsa ake ba ta, in tana da rai."

Nomau ya ce, "Yaya, zarenki a bakin zani zai ruɓe in ba a kai shi gaban mai karanta shi ba. Awa ɗaya likita ta ce. Wa ya san burtalin nan in ba ni ba?"

Cindo ya bari yayyensa suka gama, don auta ne. Sannan ya ce, "Ku kun cece ta rana ɗaya. Ban raina ba. Ni safiya dubu da wani abu nake ceton ta, kuma gobe ma sai na je."

Aka kira Gagarau ya raba, ya ce shi ya taɓa yanke hukunci a kan karyar nan sau ɗaya, ya ishe shi.

Kafin wani ya nemi hanyar zillewa, bari in toshe ta. Gidajen uku duk a unguwa mai shiru suke, ba na kusa da tasha, ba na kusa da injin niƙa. Kowanne da ɗaki a share, da inuwar da karya za ta kwanta. Duk inda aka je, Nomau zai kawo magani, Cindo zai zo da ƙuli-ƙulinsa, Delu za ta sa ido. Kada kuma wani ya ce mini ai Delu mace ce; gidan nata ne, ba na suruki ba. Kada wani ya ce a bar Kwalli ta zaɓa. An gwada. Ta je ta shinshina kowannensu, ta koma ta kwanta a kan ƙafar tsohon.

Yana nan zaune a zauren aro, igiya a hannu, hadari kuma na sake haɗuwa a gabas. To, ku da kuka ji: mai idon da ya gane ciwon, da mai ƙafar da ta kai, da mai hannun da bai gaji ba, wane ne a cikinsu ya ceci Kwalli, har ya cancanci Baba Shekarau ya shiga gidansa?